Batirin Aknazar da Awakin Dutse

Aknazar mutumin Dashtak ne, ƙauyen da ke maƙale a gindin dutse cikin kwarin Bartang, inda hanyar mota ke bin bakin kogi har ta gaji ta koma turbar jaki. A nan aka haife shi, a nan ya yi aure, kuma in ban da zamansa na soja bai taɓa cika shekara a wani gari ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana cikin tsumma, sai maƙwabciyarsu ta haɗa shi da nata jaririn, Dawlatsho, ta shayar da su tare. Shi ya sa a ƙauyen ba mai ce musu abokai, 'yan'uwa ake ce musu. Tare suka yi kiwo, tare suka koyi harbi. A shekarun yaƙi da yunwa, sa'ad da hanya ta toshe gari ya ƙare a buhuna, su biyun ne suka riƙa hawa duwatsu suna sauko da naman awakin dutse ana rabawa gida-gida.

Da zaman lafiya ya dawo, sai aka duba aka ga awakin sun kusa ƙarewa. Aknazar ne ya fara rataye bindigarsa. Daga baya dattawan ƙauye suka zauna suka hana farauta a duwatsun da ke kansu, suka kuma ɗora masa gadin dabbobin, don ba wanda ya kai shi sanin makwancinsu da mashayarsu. Aka ba shi madubin hangen nesa, ya rataya a wuya, ya zama kamar wata gaɓa ta jikinsa. Shekara da shekaru yana hawa yana sauka, har garken ya sake yawa, har yara suka riƙa hango ƙahoninsu daga bakin makaranta. Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan.

Wata bazara sai ga wasu Turawa tsofaffi, mata da miji, a irin motar nan mai gado da murhu a ciki. Laka ta zaftaro daga dutse ta datse musu hanya gaba da baya. Aknazar ya tara maza da shebur, matarsa Mohbegim kuma ta sauki baƙin a gida, ta yi ta ɗura musu shayin madara mai gishiri da gurasa har hanya ta buɗe. Ranar tafiya tsohon ya buɗe ƙarƙashin gadon motar ya ciro wani batir da suke ajiye da shi don ko-ta-kwana, ya ba Aknazar kyauta, ya haɗa masa da faifan sola mai naɗewa. Da hannu da 'yan kalmomin Rashanci ya fahimtar da shi cewa na litiyum ne, ba irin na babbar mota ba: mutum ɗaya ya ɗauke shi da hannu ɗaya, kuma ko an zuƙe shi sosai ba ya mutuwa. Abu guda ya ja masa kunne a kai, kada a kuskura a yi masa caji cikin sanyi mai daskarar da ruwa.

Saboda wannan jan kunne Mohbegim ta ɗinka wa batirin riga da jan bargon ulu, ta yi mata ado irin na safar da take saƙawa, aka ba shi wuri kusa da murhu. Dawlatsho ya shigo ya gani ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Ashe haihuwa kuka yi da tsufanku ba ku gaya mana ba? Yaushe ne suna?"

"Wannan ɗan ya fi naka amfani," in ji Mohbegim. "Ba ya cin gurasa, ba ya tafiya birni ya manta da mutane."

Da Shodmon take, ɗan Dawlatsho, wanda ya girma ya tafi birnin Khorog yana 'yan shige-shige. Uban ya yi dariya, amma ba har zuci ba.

Dashtak ba ta da wutar kirki. Ɗan injin da ruwan rafi ke juyawa yakan tsaya da zarar rafin ya daskare. Don haka batirin bai huta ba ko yini guda. Da farko ƙwan fitila ɗaya Aknazar ya jona, Mohbegim ta daina tsiyayar hawaye a kan saƙa. Sai mata suka fara kawo wayoyinsu a yi musu caji, don su hau tudun da ake samun sabis su ji muryar 'ya'yansu da ke aiki a Rasha. Sai rediyo. Sai injin aski, wanda ya mai da ƙofar gidan majalisa duk ranar Juma'a. In ma'aikaciyar jinya ta zo da allurar rigakafi, a jikin batirin take jona ɗan akwatin sanyinta. Wata tsohuwa mai ciwon asma, 'yarta ta aiko mata da na'urar shaƙar magani, Aknazar ne ke saɓa batirin ya kai mata har ɗaki duk lokacin da ƙirjinta ya toshe. Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Wanda ya ga dama ya ajiye ƙwai ko busassun 'ya'yan itace a bakin ƙofa, wanda bai ajiye ba ma gobe a yi masa caji.

Da kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, Dawlatsho ya tashi aurar da 'yarsa, ya zo aron batirin don lasifikar makaɗa. Aknazar da kansa ya kai masa, ya jona wayoyin, ya yi rawa a bikin har gwiwarsa ta yi ƙara. Shodmon ya zo daga birni da wasu baƙi biyu masu manyan takalma, waɗanda ba su yi rawa ba, sai kallon duwatsu suke yi. Aknazar ya lura da su, amma baƙin ɗan'uwansa ne, bai kawo komai a ransa ba. Da aka watse ya tambayi kayansa, Dawlatsho ya ce ya ɗan bar shi tukuna, dangin ango ba su gama tafiya ba, kowa da wayarsa. Aknazar ya ce ba komai, ya koma kan niƙan alkamarsa.

Bayan 'yan kwanaki motar malaman daji ta tsaya a filin makaranta da hantsi, aka ce kowane magidanci ya fito. Suna sintiri a makiyayar sama suka ci karo da mafarauta. Mutanen sun tsere ta bayan dutse, sun bar manyan bunsuran dutse a yashe, an sare kawunan an tafi da ƙahonin, naman ko taɓa shi ba a yi ba. Sun kuma bar wata ƙatuwar fitila irin wadda ake dallare idon dabba da ita ta tsaya cak. Babban cikin malaman dajin ya sa aka sauko da abin da fitilar ke jone a jikinsa, aka dire shi a tsakiyar fili. Jar rigar ulu ce da adon safar Mohbegim. Ba a tambayi na wane ne ba, duk idanu suka juyo kan Aknazar.

Aknazar bai tsorata ba. Abin da ya fara cika masa ciki shi ne bunsuran, don ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke ɗingishi da wanda ƙahonsa ya ɓantare. Ya matsa gaba ya ce batirin nasa ne, amma tun ranar biki yana hannun ɗan'uwansa, ga shi nan a tsaye, a tambaye shi. Ya faɗi haka ne cikin natsuwa, yana ganin Dawlatsho zai yi bayani, in ya so a san yadda za a yi da Shodmon, wanda ya zo da baƙin nan.

Dawlatsho bai ɗago kai ba. Ya ce, "Washegarin biki na mayar masa. Da hannuna na ajiye shi a bakin murhunsa."

Aknazar ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya kira shi da sunan da suke kiran juna tun suna yara, ya ce ya sake faɗa. Dawlatsho ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yana kallon malaman daji. Mohbegim ta ɗaga murya daga bayan maza tana rantsuwa, aka ce ai mata ba ta shaidar mijinta. Wani daga cikin taron ya ce, to, wa ya san makwancin awakin nan in ba mai gadinsu ba? Nan take aka ce ya ciro madubin daga wuyansa. Ya ciro ya miƙa, aka sa shi a mota.

A hedikwatar gunduma suka yi ta juya shi da tambayoyi. Ba su sami bindiga a gidansa ba sai tsohuwar da tsatsa ta cinye, ba su sami ƙaho ba, suka sake shi. Amma sakin bai wanke shi ba. Ya dawo ya tarar an naɗa wani mai gadin, ya tarar gaisuwar mutane ta gajarce. Shodmon kuwa tuni ya wuce Rasha.

Bai shiga gida ya huta ba sai da ya je ya sami Dawlatsho a gonarsa yana haƙar dankali, ba kowa kusa. Ya tsaya a kan kunya bai yi sallama ba. Dawlatsho ya dafa fartanya, ya ce ɗansa ne ya kai wa baƙin batirin, me zai yi? Su baƙin sun yi wa yaron alkawarin aiki. In aka kama shi ɗauri ne, rayuwarsa ta lalace. Aknazar kuwa tsoho ne mai suna, ya san ba za su riƙe shi ba.

"Wato ka zauna ka auna," in ji Aknazar. "Ka auna ni, ka auna shi."

"Da kai ne, haka za ka yi."

"Da ka zo ka tambaye ni, yaya."

"Da na tambaya, za ka yarda?"

Aknazar kansa bai san amsar ba, kuma har yau bai sani ba. Mai yiwuwa da ya ɗauki laifin, don a cinyarsa aka yi wa Shodmon askin farko. Mai yiwuwa kuma da ya ja yaron da hannunsa ya kai shi gaban dattawa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ba a ba shi damar ko ɗaya ba, an ɗauke shi kamar tsohon bargo an rufe ɓarna da shi. Ya juya ya tafi.

Sanyin shekarar ya yi tsawo. Rafi ya daskare, ƙauye ya koma aci-bal-bal, wayoyi suka mutu a aljihu. Masu son jin muryar 'ya'yansu sai sun aika da waya ƙauyen ƙasa, tafiyar yini. Tsohuwa mai asma aka ɗauke ta a kan jaki zuwa asibiti, ba ta dawo ba sai bazara. Kuma duk wannan a kan Aknazar aka ɗora: da bai yi kwaɗayi ba, da batirin na nan. Matan da suka saba cika ɗakin Mohbegim suna jiran caji suna tsegumi suka ɗauke ƙafa. Ita kuwa ba ta iya haɗiye magana, ta je ƙofar gidan Dawlatsho ta faɗi abin da ke bakinta, matarsa ta rufe ƙofa ta bar ta tana magana da katako.

Gaskiya ta fito, amma ba ta fito da ƙarfi ba. Ɗaya daga dangin ango ya ambata a wani gari cewa ai ya yi caji a gidan Dawlatsho kwanaki bayan biki. Wata ta tuna ta ga Shodmon da jaka mai nauyi yana bin hanyar sama. Kafin dusar ƙanƙara ta narke kowa a Dashtak ya san abin da ya faru, amma ba wanda ya tashi ya faɗa a fili. Sai dai gaisuwa ta fara tsawo, aka fara turo yara da kwanon madara. Malaman daji ma suka aiko da batirin. Ya yi sanyin nan kaf a ɗakin ajiya, kuma da alama wani ya yi ta jona shi a cikin sanyin, don ko ƙwan fitila ɗaya ya daina riƙewa.

Da sabuwar shekara ta zo, lokacin da ake share gidaje ana yafe wa juna, halifan ƙauyen, wato limaminsu, ya zo wa Aknazar da maganar sulhu. Ya ce nono ɗaya suka sha, bai kamata a kai wannan kabari ba. Aknazar ya zuba masa shayi, ya ce shi ba ya neman a durƙusa masa. Abin da Dawlatsho ya faɗa masa a gonar dankali, ya je ya maimaita a filin makaranta inda ya faɗi na farkon, shi ke nan. Halifa ya kai saƙo. Amsar da ta dawo ita ce, Shodmon na son zuwa gida watarana, in aka faɗa a fili ba zai iya zuwa ba.

Yanzu Aknazar ya tsufa sosai. Yana noman sha'ir da wake, in layin kiwo ya zo kan gidansa ya kora awakin ƙauye zuwa makiyaya, amma ba ya wuce ta ƙasa. Hanyar makiyayar tana da wani wuri siriri a saman kogi, inda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da dutse. A bara suka yi kiciɓis a nan, shi yana hawa, Dawlatsho yana saukowa da damin ciyawa a baya, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Dawlatsho ya tsaya, ya ce, "Ɗan'uwana, ka yini lafiya?"

Aknazar ya manna bayansa da dutse, ya janye sandarsa don kada ta harɗe shi. Ya ce, "Lafiya lau. Ka kula da ƙafarka, wurin nan yana zamewa."

Ya jira har ya wuce da daminsa lafiya, sannan ya bi bayan awakinsa.