Ƙofar Inna da Ban Juya Gabas Ba

Shekarun baya kaɗan, bayan ɓarayin daji sun tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Bukkuyum mun raɓe a gidan kawuna a Gummi, na shiga wata cibiyar koyon kwamfuta don kada zaman banza ya kashe ni. Sauran 'yan mata suka zaɓi koyon buga takardu. Ni uwar iyayi sai na zaɓi sassaƙa a kwamfuta, don kawai na ga ana juya abu a allo kamar mai ginin tukwane.

Malaminmu doka ɗaya gare shi: kada a narkar da siffofi su zama dunƙule guda. In kina son ƙofa a bango, ba fasa bangon za ki yi ba. Akwati za ki ɗauko ki soka a jikinsa, ki ce wa manhajar ta rage gurbinsa. A ido ƙofa ce, amma bangon na nan lafiya lau a ƙarƙashi. Gobe in kin ja akwatin gefe, ƙofar ta bi shi. Haka taga, sai dai ita da bututu ake yi. Kullum sai ya ce, "A nan ba a asarar komai."

Ni da na yi asarar gida sukutum, maganar nan ta shige ni. Da kayan jikinmu muka fito, ko hoto ɗaya ba mu tsira da shi ba. Sai na fara gina gidanmu a tsohuwar laftof ɗin da cibiyar ta ara mini: zaure, rumbuna biyu, turken shanun Baba, ɗakin Inna. Da yamma in nuna mata, ta yi ta gyara mini, ina ja ina matsarwa. Tun rasuwar Baba, a nan kaɗai nake ganin haƙoranta.

Wata yamma ta ƙura wa allon ido ta ce, "Ke ɗiyar ga, ƙohwata gabas take kallo, kin maishe ta kudu. Ta ina hantsi zai shigo min?"

Kafin in taɓa, batiri ya mutu. Na ce mata gobe.

Washegari na tafi shagon caji na bakin kasuwa, inda na saba zama in yi aiki. Don in kama akwatin ƙofar, sai na kunna duk siffofin da ke ɓoye. Nan take gidan ya cika da jajayen akwatuna da bututu, kowanne ya huda bango. Ban san da mutum a bayana ba sai da na ji an ce, "Mi ne wanga?"

Ɗaya daga cikin masu sintirin unguwa ne. Ni kuwa, don wauta, sai na ji daɗi an tambaye ni. Na ce, "Gida ne. Ka ga, in na ja wannan, ƙofa ta koma nan." Na ja akwatin har bangon baya, ƙofa ta buɗe a can.

Sai ya ce, "Wato kina iya huda ƙohwa inda babu? Wa ya aiko ki?"

Kafin in haɗiye yawu an taru. Wani ya leƙa ya rantse gidan wansa ne, ga rumbuna biyun nan. Wane gida ne a ƙasarmu ba shi da zaure da rumbu? Wani ya ce jajayen nan alamar wuraren shiga ce. Sai wata murya daga baya ta ce, "Ai uwarta Bafillata ce." Daga nan na san sunan da suke shirin kira na da shi, na kuma san yadda ake ƙarewa da wanda aka kira infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto.

Aka tasa ni gaba har ƙofar mai unguwa. Kawu ya zo, malaminmu ya zo ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Na ga alamar mai unguwa ya fahimta, amma jama'a ba bayani suka zo ji ba. Ya ce to, a zauna lafiya, yarinya ta share abin a gaban kowa.

Na ce wa mai unguwa, "Baba, wallahi shi kaɗai ya rage mana."

Sai ga Inna ta ratso mutane, takalmi ƙafa ɗaya. Ko allon ba ta kalla ba. Ta ce, "Share shi, ɗiyata. Ai ba yau aka fara ƙone shi ba."

Na share. Wani da ya ɗan san kwamfuta ya ce har kwandon shara. Na share can ma.

Magana ta mutu daga ranar. Ba wanda ya ƙara tayar da ita, ba kuma wanda ya ba mu haƙuri. Mai sintirin nan har yau yana gaisawa da Kawu a masallaci. Daga baya na ce wa Inna mu sake ginawa, ta ce ta manta yadda gidan yake. Matar da ta san inda kowane turke yake.

Abin da ke ci mini rai, da tun farko na narkar da komai, da gida kawai za su gani. Na bar shi a buɗe ne don Inna ta riƙa gyarawa, shi ne ya kusa cin raina. Yanzu ina ɗan taɓa aikin, amma da na huda ƙofa nake narkar da ita, ko malam zai yi faɗa. Kuma ba na zama sai bayana na jingine da bango. Ko inuwa ta gifta allona, sai in yi wuf in rufe shi.

Malam ya ce a nan ba a asarar komai. Wataƙila a cikin kwamfutar yake nufi. Ni dai na yi wa Inna alkawarin gobe, kuma har na danna sharewa ƙofarta ba ta ga gabas ba.