Dashen Bazara a Lambun Tarauni

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Malam Habu, kuma har yau akwai tambayar da ban yi masa ba. Ina rubuta wannan ne ina jin kewarsa, ina kuma jin haushinsa kaɗan.

Shi ya kafa mana ƙungiyar masu son shuke-shuke, mu tara ne, yawancinmu ma'aikatan asibiti da malaman makaranta daga Gyaɗi-Gyaɗi. Muna da wani fili a Tarauni da ba mu da takardarsa, mun dai share shi mun kewaye. Duk Asabar bayan la'asar mu haɗu, kowa da bokitinsa, Habu na koya mana yadda ake yi wa mangwaro aure da yadda ake gane ɗoɗɗoya da hanci. Doka ɗaya ya dame mu da ita har muna tsokanarsa: ba a dashe sai ruwa ya sauka.

To, a bazarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, rana na dukan ƙasa kamar ta tsage, sai na tarar da Habu yana tone dashenmu yana zubawa a gwangwanaye, wai kowa ya kai gida. Na ce da walakin, goro a miya. Na san surukinsa ya shiga siyasa, kuma na taɓa ganin wasu masu manyan riguna suna auna filin da taku. Na tambaye shi ina dokarsa.

Ya ce, "Mutumina, gara shuka ta yi yaushi a gidanka da ta yi kore a nan."

Girman kai ya hana ni tona zancen. Kowa ya kwashi nasa, ni na ƙi. Mangwarona reshe ne da na kawo daga gidan mahaifiyata a ƙauye, na rantse ba mai taɓa shi. A raina na riga na yanke cewa an gama ciniki da Habu, so yake a tarar da fili fayau ba mai kuka.

Ba a yi wata biyu da rantsar da sababbin shugabanni ba aka kafa turakan awo a filin. Ranar da motar rusau ta zo ina bakin aiki, ko kututturen ban samu ba. Biri ya yi kama da mutum. Daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ta masallaci, har bayan wasu shekaru Allah ya karɓi abinsa.

Yau jerin shaguna ne a wurin, ana sayar da tayoyi da katifu. Da zai dawo, na san ba shagunan zai kalla ba, zai leƙa gidajen unguwar Daurawa da Unguwa Uku ya ƙirga lemun tsami da gwaibar da suka fito daga gwangwanayen nan. Masu tallar furanni a bakin titi kuwa, zai murza ƙasar ledarsu ya ce taki ya yi kaɗan.

Bayan sadakar arba'in 'yarsa Binta ta zo da kwano cike da mangwaro. Ta ce Baba ya yanki reshe daga bishiyata kafin a rushe, ya yi masa aure a tsakar gidansu, ya kuma bar wasiyya a riƙa kawo mini, don nawa ne. Na ɗanɗana, ɗanɗanon gidanmu ne sak. Na yi kuka a gaban yarinyar.

An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Har gobe ban san wanda ya tsegunta wa Habu ba, ko me ya sa ya yi shiru maimakon ya tara mu mu kare filin, kuma ba zan yi ƙarya in ce zargin ya bar ni ba. Abin da na sani, duk shekara kwanon nan yana zuwa, ina sha ina yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Habu, ya yafe wa duk wanda ya yi kuskure a cikinmu.