Larabar Malam Badaru

Duk ranar Laraba da hantsi Malam Badaru yakan rufe rumfarsa ta cajin batir a tashar Tsanyawa, ya ɗaure batir ɗaya a bayan babur, ya kutsa cikin gonaki. Ba wanda ya kira shi. Gida-gida yake bi inda ya san an ajiye mota, irin masu aiki da fetur da lantarkin nan da suka shigo ƙauyukanmu tun da mai ya yi tsada. Ya yi sallama, ya karɓi makulli, ya kunna ta, ya bar ta a kunne har ya gama gaisawa da mutanen gida.

Alhaji Dabo, mai irin wannan mota, ya taɓa ce masa, "Haba Malam, ga ƙaton batir a ƙarƙashin kujera, ɗan mitsitsin nan me zai hana?"

Ya ce, "Alhaji, babban a kulle yake, don wutarsa tana kisa. Ƙaramin ne ke tayar da kwamfutar motar, ita kuma ta buɗe wa babban hanya. In ya mutu, ko tanki a cike yake, dutse ka ajiye. Kuma ajiyar ce ke cinye shi. Kuna can kuna noma, shi yana nan yana tsiyaya."

Yana da dalilinsa, mai ɗaci. Wata damina maciji ya sari 'yarsa Tahira a gonar gyaɗa, shi yana rumfa. Motar maƙwabcinsu ta daɗe a lulluɓe, aka danna maɓallin tayarwa, shiru. Sai maza suka yi abin da suka saba yi wa kowace mota, suka taru suna turawa. Wannan kuwa ba a tura ta ta tashi, ko gusawa ba ta yi ba. Suna ta gumi, dafi yana hawa. Da labari ya kai masa ya zo ya jona batirinsa, nan take ta kama. A cinyarsa yarinyar ta cika, kafin su hau kwalta.

Tun daga nan bai bar Laraba ta wuce ba. Inna Larai ungozoma ta ce mata nawa aka kai asibiti kan gwiwa, mota ta tashi da dannawa ɗaya, kuma wallahi ba wanda ya tuna ya ce masa sannu. Wa ke yin godiya don mota ta tashi?

Kai ne, Malam, ka haɗiye baƙin cikinka ka hana shi shiga gidajen mutane. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan Tahira.

Abin da ke ci mini rai, yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Ya faɗi da babur a bakin kwalbati, iyalinsa suka hana shi fita. Har yau ba wanda ya ɗauki batirin nan. Jama'a, aikin ba wuya, makulli ne da ɗan lokaci. Mai mota ya kunna tasa, maras ita ya tuna wa maƙwabci.

Na je duba Malam tare da wasu maƙwabta, ana yayyafi. Ya karkata kai yana sauraron ruwan a kan kwano, ya tambayi ranar. Muka ce Laraba ce.

Ya ce, "Gyaɗa ta rufe ƙasa ke nan, lokacin macizai. Wa ya leƙa motar Alhaji Dabo?"

Duk muka sunkuyar da kai.