Gwadon Inna ya je Madarumfa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da ƙanena, gwadon marigayiya Inna a naɗe cikin jakata. Ɓera ya cinye masa gefe guda, ga bikin ɗiyata saura sati biyu, kuma Inna ta bar wasiyya cewa da shi za a lulluɓe jikanyarta. Teloli uku na kai wa, kowa ya ce ba aikinsa ba ne. Aka ce in nemi wani tsohon masaƙi a Madarumfa.

Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi kuɗin mota ya ninka, amma motar ba ta ƙara sauri ba. Mu goma sha ɗaya aka cusa, har da akuyar da ta fi kowa samun wuri. A bakin tafkin Madarumfa muka karya da soyayyen kifi da yaji, ƙanena bai bar ko kai ba.

Muka iske tsohon a gindin itacen bedi, ƙoshiyar saƙa na kai da komo a hannunsa. Na miƙa gwadon, na kuma fito da zaren kanti da na sayo, ina taƙama. Ya yi dariya har da tari.

"Malam, wanga zare in ya sha ruwa tsukewa tai daban. Gwadon abawa sai abawa."

Na ce, to wa ke kaɗi yanzu? Sai ya ƙwala wa matarsa kira, ta fito da abawar da ta kaɗa da mazarinta bara. Daɗi ya kashe ni.

Kwana biyu muka yi yana saƙa. Da yake ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ba na rabo da littafi, sai na nuna masa hoton wani mayafi na mutanen Nazka na ƙasar Peru, mai tsuntsaye da kifaye, wanda ya fi shekara dubu a binne cikin rairayi. Ya daɗe yana kallo.

"Kihin ba na tabkinmu ba ne," in ji shi, "amma mai aikin ga ba ta san gaggawa ba."

Muka iso gida da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa abin da hannu ya fara, hannu ke ƙarasa shi. Ɗiyata ta shimfiɗa gwadon, ta bi gefe huɗu da yatsa tana neman gyaran, ba ta samu ba. Ta yafa shi, ta ce, "Baba, har yanzu ƙamshin Inna yake yi."