Baƙin Zane a Kan Akwatin Kifi

Ni Bakabe ne, a gidan masunta aka haife ni, kodayake boko ya raba ni da taru tun ina yaro. Aiki ya kai ni ƙasashe da dama, kuma duk inda na sauka, kasuwar kifi nake fara nema. A Legas na fara ganin tarpon, kifi mai manyan ɓawo, fari tas kamar sabuwar azurfa. Na sake ganinsa a Kuba, inda suke ce masa sabalo, suna kama shi su sake shi saboda yawan ƙaya. Da na yi ritaya na zauna a garin Barking, can ƙasar Turawa, kusa da 'ya'yana, duk mai tambaya kan kifi cikin 'yan masallacinmu ni yake nema. Wannan ɗan matsayin shi kaɗai ya rage mini.

Sai ga maƙwabcina, wani likita Bakatsine da bai taɓa riƙe ƙugiya ba, ya sayo ƙananan tarpon huɗu ya zuba a akwatin gilashi a falonsa, kusa da taga. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Da na ga yadda suke juyawa suna walƙiya, sai na ƙudura ni ma sai na yi nawa. Mako bai zagayo ba na sayo nawa, guda biyar.

Likitan ya zo gani, ya daɗe a tsaye, ya ce, "Alhaji, ai waɗannan sun fi nawa sheƙi!" Bai ce tubarkalla ba. Na jira, bai ce ba.

A garinmu, masunci idan ya yi kamu mai kyau, rufe kwandonsa yake yi saboda bakin mutane. Likitan yana fita na sa aka mayar da akwatin ƙarƙashin bene, na ɗauko baƙin zanen maiɗakina na lulluɓe shi, ba na buɗewa sai lokacin ba su abinci.

Bayan mako biyu kifayena suka fara dusashewa. Gadon bayansu ya yi duhu kamar an shafa gawayi, azurfar ta koma toka-toka. Nasa kuwa, duk sanda zan je tashar jirgi sai na hango su ta tagarsa, suna ta sheƙi. Na yanke hukunci a raina cewa bakinsa ne. Na daina shiga gidansa, a masallaci ma gaisuwar ta gajarce. Maiɗakina ta ce, "Alhaji, kifi ne fa. Kuma ina son zanena."

Wata Juma'a bayan an sauko, Likitan ya biyo ni gida ba gayyata.

"Sarkin ruwa, ina talakawanka? Ko an soye su?"

"Suna nan, Likita. Ba su da lafiya."

Ya ɗaga zanen, ya leƙa, ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango.

"Lafiyarsu ƙalau! Dubi yadda suke haurowa suna shaƙar iska. Kai ka sa su a kurkuku. Kifin nan launin wurinsa yake ɗauka: ka ba shi duhu ya yi duhu. Wa ya ce ka rufe su?"

Ba dariyar ce ta ƙona mini rai ba. Na san wannan tun ina shekara bakwai. Mahaifina kan ɗaga kifi ya faɗi ko a inuwar gaɓa aka kama shi ko a kan farin yashi, daga launinsa kawai. Ga shi Bakatsine, ɗan tudu, yana koya mini a cikin gidana.

Muka mayar da akwatin falo, shi yana umarni, ni ina bi. Cikin 'yan kwanaki azurfar ta dawo. Labarin kuwa ya riga ni isa masallaci, yanzu mai tambaya kan kifi wurin Likita yake zuwa, ni kuma a tambaye ni lafiyar zane.

Mun koma shan shayi tare. Amma har yau idan na zauna a falonsa, nakan dubi nasa huɗun in tuna nawa biyar. Tagarsa ta fi tawa samun rana.