Maganaɗisun Issahaku

Issahaku mutumin Salaga ne, amma ku tambayi mutanen Salaga, da ƙyar za su tuna fuskarsa. Can ya koyi gyaran mota, ya yi faɗa da maigidansa, ya kwashe sufanunsa sai Yendi. A Yendi wani direba ya ɗaga masa murya, washegari an nemi Issahaku an rasa. Haka ya iso mana Bawku da matarsa Azara da yara, ya kafa rumfa jikin tawa, inda nake facin taya. Mutum ne da ko shayi a tsaye yake sha.

Aikinsa giyar mota otomatik. A ƙasan giyar akwai faranti inda mai yake taruwa, a cikinsa kuma akwai ɗan maganaɗisu da ke kama garin ƙarfen da haƙoran giya ke zubarwa, don kada ya bi mai ya toshe hanyoyi. Issahaku ya ce guda ɗaya bai isa titunanmu ba. Sai ya riƙa bin masu gyaran rediyo yana karɓar matattun lasifika, yana ciro maganaɗisunsu yana ƙarawa a kowane faranti. Matsalar ita ce bai taɓa faɗa wa mai mota ko ɗaya ba. Ina ya ga lokacin bayani?

Rannan Alhaji Saaka, dillalin shanu, ya tafi kasuwar doya a Kpandai, farantin motarsa, wadda Issahaku ya taɓa gyarawa, ya soma ɗiga. Wani makanike ya kwance, sai ga baƙaƙen ƙarafa a manne, garin ƙarfe ya miƙe a kansu tsaye kamar gashi. Alhaji kuwa ya yi asarar shanu a watan. Shi ke nan, magana ta riga shi isowa Bawku: baƙon nan yana binne wa mutane sammu a cikin mota.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen da suke rantsuwa da aikinsa jiya, yau su ne ke tofa addu'a in sun wuce rumfarsa.

Na tarar da shi yana cusa sufanu a buhu. Azara na tsaye, ta kama ƙugu.

"Azara, ki ɗaure kaya. Akwai aiki a Tempane."

"Maigida, ni ba ni zuwa ko'ina," in ji ta. "Yara sun shiga sukul, na samu tebur a kasuwa. In ka tafi, ka tafi kai ɗaya."

Ya dube ta, ya dubi titi, ya sake dubanta. Sai ya zazzage buhun a ƙasa.

Na ɗauka bayani zai wanke shi. Ya yi, har ya gwada musu da ƙusa a gaban liman. Suka ce sun ji, sun kuma yarda, amma dai hankalinsu zai fi kwanciya in ya cire. Alhaji ya ce, "Masta, ba zargi ba ne. Ka cire duka kawai, har na kamfani, mu zauna lafiya."

Motoci suka yi layi. Ina kallonsa yana shiga ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya, yana ɓamɓaro abin da ya san shi ke tsare giyar, yana miƙa wa masu shi su jefar da hannunsu. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Yana nan Bawku har yau, yaran sun kusa gama makaranta. Sai dai duk motar da ya taɓa gyarawa in ta zo wucewa, zai katse magana, ya fito bakin titi, ya karkata kunne yana sauraren yadda take canza giya har ta ɓace. In ya dawo sai ya ci gaba da aikinsa, ni kuwa na daina tambayarsa abin da ya ji.