Ranar da Na Kai Habibu Cin Tako a Dokki

Shekara shida ke nan da rasuwar Habibu, abokina da muka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya muna karatu. Zazzaɓin kwana tara ya yi, kuma a nan Alƙahira aka binne shi. Wasu sun yi rubutu a kan haddarsa. Ni wata la'asar nake so in ba da labari, shekara guda kafin ya rasu.

Da safiyar ranar Kawu Isa, ƙanen mahaifinsa, ya kira ni daga Gusau ya ce mahaifin Habibu ya rasu da asuba. Ya ce, "Lawal, kai ne namu a can. Ka bar shi ya gama jarrabawa. Kuma kada ka gaya masa da yunwa a cikinsa." Haka ake yi a gidajenmu. Wanda ya ji rasuwa yakan kwana biyu bai iya haɗiye komai ba, don haka sai an ciyar da shi, sannan wani ya zauna kusa da shi ya faɗa masa da baki.

Makon nan duka Habibu ba shi da data a waya, abin da ya ba ni lokaci ke nan. Na tare shi a ƙofar ɗakin jarrabawa na ce mu je unguwar Dokki. Akwai wani ɗan shago can mai sayar da tako, abincin mutanen Meziko, wata 'yar gurasa da ake ninkewa da nama da albasa da miyar barkono a ciki. Habibu yakan ce a duk Masar nan ne kawai aka san darajar yaji. Ya dube ni ya ce, "Kai da wake ya ishe ka safe da yamma? Yalla, mu je kafin ka sake shawara."

Sai da muka hau dogayen kujerun nan marasa majingina na ga kuskurena. A jikin bango, daidai kansa, an rubuta lambar intanet ɗin shagon da manyan baƙaƙe. Ya riga ya ciro wayarsa. Na san ta'aziyya tana can ta taru tana jiran ya haɗa. Na ce ya ara mini, tawa ta mutu. Ya miƙo, na danne ta da cinyata.

Tako kuma ba tuwo ba ne. Loma uku, ya ƙare. Na zaci zan sami rabin sa'a in shirya maganata, sai ga farantinsa mai tako uku fanko cikin minti biyar. Na sa aka ƙaro uku. Nawa yana hannuna, miya tana gangarowa har wuyan rigata, ban kai shi baki ba. A nan wayata da na ce ta mutu ta soma rawa a aljihu. Habibu bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da ci a hankali har ya cinye shida, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, ya yi hamdala.

Ya ce, "Na ƙoshi, Lawal. Baba ne ko Inna?"

Na ce Baba ne.

A jirgin ƙasa muna komawa ya gaya mini tun wayata ta yi motsi ya gane. Ya san aiko ni aka yi, bai so in koma wa Kawu da cewa na kasa ba. Ya ce biyun ƙarshen da ƙyar suka wuce maƙogwaronsa.

Yanzu irin shagunan sun yi yawa daga Dokki har Zamalek, sababbin ɗalibai sai sun ɗauki hoton faranti kafin su ci. A watan jiya wani ɗalibi ɗan Zariya yana tsaye a bas ya ga hoton mahaifiyarsa a wayarsa, wani ɗan uwansu ya ɗora, an rubuta addu'ar mamaci a ƙasa. Ina yawan tunanin abin da Habibu zai ce. Ba mai faɗa ba ne. Ina jin tambaya kawai zai yi, wa ke kusa da shi lokacin da ya gani?

Littattafansa an raba, kayan sawarsa an bayar. Abin da ya rage mini nasa shi ne tako shidan nan da ya ci don ni. Ranar da ya rasu na tsaya a ƙofar asibiti na roƙi 'yan uwanmu ɗalibai su riƙe wayoyinsu sa'a biyu, har Kawu Isa ya isa wurin Inna bayan ta ci abincin rana. Sun riƙe.

Bayan kwana uku ta sa aka kira mata ni. Tambaya ɗaya ta yi, ko Habibu ya ci wani abu ranar. Na ce ya sha kunu. Cokali biyu ne, amma ya sha. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ta haƙuri.